Ƙorafi Kan Bishiyoyin da Suka Tsaga Ɗakin Inna

Daga: Mai ɗinki, Gida mai lamba 9, Layi na uku.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Gine-gine da Iyakokin Gidaje, Ofishin Ƙaramar Hukuma.

Kwanan wata: 6 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: BISHIYOYIN MAƘWABCINMU NA GIDA MAI LAMBA 11, DA RAHOTON DA JAMI'INKU YA RUBUTA A KANSU

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce babbar 'yar marigayi mai wannan gida, kuma ni nake riƙe da mahaifiyarmu, tsohuwa mai ciwon ƙafa, wadda kowa ke kira Inna. Wannan ce takardata ta biyu. Ta farko da sanyin murya na rubuta ta. Wannan kuwa, a yi mini afuwa, tura ta kai bango, kuma bangon ma ya tsage.

1. Maƙwabcinmu mai kantin magani ne. Unguwa na kiransa Dokta, ko da yake har yau ban ji asibitin da ya ba shi sunan ba. Shekara bakwai da suka wuce ya dasa dogon yaro guda biyar a jikin katangar da ta raba mu, ko taku ɗaya bai bari a tsakani ba, wai don motarsa ta samu inuwa. Katangar nan ita ce bangon ɗakin Inna. Tun suna ƙanana na yi masa magana, ya yi dariya ya ce inuwa sadaka ce. To, motarsa ce ta samu sadakar. Mu saiwa muka samu.

2. Saiwar ta bi ta ƙarƙashin harsashi ta ɗaga simintin ƙasan ɗakin. A watan Disamba Inna ta yi tuntuɓe da tudun, ita da sandarta, ta faɗi ta fasa goshi. Bangon ya tsage daga ƙasa har kusa da rufi. Sau uku na kira magini ya yi faci, a na ukun ya mayar mini da buhun simintina, ya ce shi ba zai ci haram ba, muddin saiwar na nan aikin banza ne. Yanzu hannuna yana shiga tsagar har wuyan hannu. Abin takaici, ta nan Dokta yake leƙowa da safe in ya zo ɗumama mota, yana tambayar Inna ko ta tashi lafiya. Wallahi ranar da na fara ji sai da na nemi wuri na zauna a bakin ƙofa.

3. Na bi duk hanyar zaman lafiya. Na je da kaina, na aiki kawunmu, na haɗa shi da dattawan layi. Kullum amsarsa ɗaya ce: a gidansa ya dasa, kuma doka ba ta hana mutum shuka a filinsa ba. Da ya ji na kawo ƙara ofishinku, sai ya sa aka datse duk rassan da suka leƙo wajenmu, ya bar na wajen motarsa. Yanzu bishiyoyin suna tsaye kamar kan da wanzami ya aske rabi ya tafi.

4. Ranar 18 ga Maris jami'inku ya zo, kuma a nan ne ainihin ƙorafina yake. Ban ce ya ci na goro ba, ban gani ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Yaro ne mai tarbiyya, tarbiyyar ce ma ta kashe mu. Ya fara shiga gidan Dokta, ya ɗaga kai sama, ya ga babu reshen da ya ƙetaro. Da ya shigo namu ina wajen keken ɗinki, ina sallamar wata mai karɓar kaya. Kafin in fito ya riga ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, bai ko cire takalmi ba, don kunyar shiga ɗakin tsohuwa. Ita kuwa Inna, tun da ta ji baƙo zai zo daga hukuma, ta sa an rataya mata zanen gado a kan tsagar, an shimfiɗa darduma a kan tudun, domin a wurinta abin kunya ne baƙo ya ga lalacewar gidan mutum. Ya gaishe ta, ya tambaye ta yaya gida. Ta ce: "Lafiya lau, ɗan nan, sai godiya." Na roƙe shi ya shiga ya ɗaga zanen, ya ce haba, ai Baba ta riga ta yi magana.

5. Ranar 9 ga Afrilu aka miƙo mini amsarku, cewa babu reshen da ya shiga gida mai lamba 9, kuma mai zama a ɗakin ta shaida da bakinta lafiya lau take. Ranka ya daɗe, yaushe amsa gaisuwa ta zama shaida? Matar nan ranar da aka ɗinke mata goshi, jini na zuba, likita ya tambaye ta yaya jiki, lafiya lau ta ce masa. Da shi ma ya rubuta ya sallame mu ke nan? Na yi fushi, kuma har yanzu ina cikinsa. Dokta kuwa ya sa an buga masa kwafin amsar, ya manna a ƙofar kantinsa.

6. Za a ce in fitar da ita daga ɗakin. Na gwada, har da kuka. Ta ce mahaifinmu ne ya gina mata shi da hannunsa, a ciki ya cika, ita ma daga nan za a ɗauke ta. Ta kuma hana ni ɗaga wa Dokta murya, wai maƙwabci yana da haƙƙi. Wannan takardar ma a ɓoye nake rubuta ta, ni da furfurata. Ga damina ta ƙaraso. Yayyafin makon jiya kaɗai ya sa ƙasa ta zubo daga tsagar har kan matashinta.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma da ya sa a soke rahoton 18 ga Maris, a turo wanda zai cire takalmi ya shiga ɗakin ya ɗaga zanen gadon da hannunsa, kuma kada ya tambayi Inna komai. Ina roƙon a umarci maƙwabcinmu ya sare bishiyoyin, ya tone saiwarsu, ya gyara bangon kafin ruwa ya sauka sosai. In inuwa yake so, ya kafa wa motar rumfa, ni zan ɗinka masa tamfol ɗin kyauta.

Kafin nan, ina sanar da ofishinku cewa na ja gadon Inna zuwa bakin ƙofa, na ce mata don ta sha iska ne. Ni kuma na shimfiɗa katifata a gindin tsagar, a nan nake kwana. Idan bangon ya faɗi kafin amsarku ta iso, a kaina zai faɗi. Ranar in kun turo jami'i, don Allah kada ya tambayi Inna yaya gida. Na san abin da za ta ce masa.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Taka cikin ladabi da biyayya,

(Sa hannu)
Mai ɗinki, babbar 'yar Inna,
Gida mai lamba 9, Layi na uku.