Na'urar Kunnen Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kewar gida? Mu nan lafiya lau.

Albishirinka! Na'urar kunnen Auta ta iso, jibi za a sa mata a asibiti. Na gan ta, ba ta kai ɗan yatsana ba. Innarka har ta gayyato ƙannenka su zo su ji jikarta ta yi magana. Ni kuwa makarantar da za mu kai ta nake ta zaɓa. Ai zamani ya zo, abu kana dannawa yake yi. Bakina har kunne.

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an sa na'urar. Muka dawo muka tarar da falo a cike, kowa na ƙwala mata kira, ita kuwa ta fashe da kuka, ta fizge abin ta wurga ƙarƙashin kujera. Ƙanenka ya ce jabu aka sayar mana, Inna ta ce a mayar. Ba zan ɓoye maka ba, na sha kuka a kicin.

Da na koma, ma'aikaciyar asibitin ta ce na'ura ƙara kawai take kaiwa kunne. Yarinyar da ba ta taɓa ji ba sai an koya mata kowace ƙara ta mece ce. To, yanzu ni ce makarantar. In buga cokali a kofi in nuna mata, in buɗe famfo in nuna mata. Maƙwabta sun ɗauka na zautu.

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Kana lafiya?

Watannin nan na cokali da famfo ba su tafi a banza ba! Ɗazu ina shanya, mai kawo gas ya ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ta juya wa ƙofa baya tana wasa. Sai ta ɗago kai, ta waiga, ta ruga can da gudu. Bawan Allah ya rasa dalilin da na tarbe shi da hawaye. Inna kuwa yanzu cewa take dama ita ta ce a yi haƙuri.

Magana dai da saura, sai "ba, ba", kuma ban ƙara sa wa maganar rana ba. Roƙona ɗaya: ran da za ka dawo, ka bar makullinka a aljihu. Ka tsaya a waje ka ƙwanƙwasa, akwai mai buɗe maka.

Taka har kullum,
Maman Auta