Sunan da Baba Ya Shiga Masaƙa da Shi

Panshekara, Talata.

Abu na farko yau: buɗe sito ƙarfe bakwai. Na buɗe. Na biyu, wannan wasiƙa.

Assalamu alaikum Yaya Badi'a. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara da mutanen Haɗeja. Na ɗaga waya sau uku zan kira ki, na ajiye. Kin san ni, in ba a rubuce ba, magana ba ta fito mini daidai.

Watan jiya wasu daga ɗakin karatu na jami'a suka zo kamfanin fatar da nake aiki a Challawa. Suna shirya baje kolin tarihin masana'antun Kano, suna neman aron tsofaffin kaya daga 'ya'yan ma'aikata. Na buɗe akwatin Baba na ba su hularsa ta aiki da katinsa na masaƙar Bompai, wadda aka rufe. Kin san katin nan ba Inuwa ke jiki ba, Shu'aibu Ɗahiru Maigatari aka rubuta. Ina yaro na tambaye shi, ya ce sunan aiki ne. Shekara talatin da wani abu ban sake tunanin maganar ba. A takardar da suka ba ni na cike na rubuta "katin mahaifina," na sa sunana.

Ranar Asabar aka buɗe. An zo da masu kiɗan gurmi, an kafa tsohon injin saƙa a tsakiyar zauren, ɗalibai sai ɗaukar hoto suke. Katin Baba yana cikin akwatin gilashi, ni kuwa har da sa sabuwar shadda.

Ina tsaye sai ga wata mata, za ta girme ni da 'yan shekaru, ta dafa gilashin da hannu biyu. 'Yarta ɗaliba ce a jami'ar, ita ta gani tun ana jera kaya ta kira ta daga Maigatari. Sunan matar Aina'u. Ta karanta takardar, aka nuna mata ni. Ta ce, "Kai ne Abdulbaqi? To ni yayarka ce. Wannan ubana ne." Na ce, "Hajiya, anya kuwa?" Ta ce, "Ba Hajiya ba ce, a bakin titi nake tuya. Ina shekara uku ya taho Kano neman aiki. Ashe haka fuskarsa take. Ga hancin nan naka."

Ta ce sau biyu kawunta ya zo get ɗin masaƙa, maigadi ya duba littafi ya ce Shu'aibu Ɗahiru yana ciki, amma ya aiko a ce ba ya nan. Mahaifiyarta ta jira shekara bakwai kafin alƙali ya raba auren. Ta dube ni ta ce, "Ku dai ya riƙe ku da kyau ko? Har shadda." Ko a'a ban ce ba.

Na duba kundin da nake rubuta abubuwan kullum, har shekarar da Baba ya rasu, ko ya taɓa ambaton Maigatari. Babu. Ko ni ne ban saurara ba? Ki gaya mini, Baba ya taɓa yin wani iyali? Mu 'ya'yan wane ne, Inuwa ko Shu'aibu?

A gaida kowa. Ƙanenki, Abdulbaqi.

Haɗeja, Juma'a.

Wa alaikumus salam Abdulbaqi. Muna lafiya, sai tashin hankalin da ka aiko mana ta hannun direba.

Kai wa ya aike ka? Mutum ya rufe akwati shekara da shekaru, kai ka kwasa ka kai jami'a a sa a gilashi, har da kiɗa! Tun kana ƙarami haka kake, komai sai ka cike masa takarda.

Ubanka Inuwa ne ɗan Ringim, bai taɓa auren kowa ba sai Inna. Abin da zan faɗa maka ita ta faɗa mini a ciwonta na ƙarshe, ta ce kada ya wuce ni. Shu'aibu abokin ɗakin Baba ne a Bompai, kafin a haife ka. Shi yana da aiki, Baba wata tara yana zuwa get ana koro shi. Amai da gudawa suka kama Shu'aibu, kwana biyu ya rasu. Baba ne ya yi masa wanka. A lokacin haka ake yi: in mai kati ya bar gari, wani ya manna hotonsa a kai ya shiga, fomen, wato shugaban ma'aikata, ya kau da kai. Baba ya shiga da katin mamaci. Ina goye a lokacin, babu ko tsabar dawa a gidan.

Ya yi niyyar aika wa danginsa, amma in labarin mutuwa ya isa ofis an soke katin. Ya ce sai wata mai zuwa. Wata mai zuwa ya zama shekara ashirin da biyu, har aka rufe masaƙar. Ranar da kawun nan ya zo, Inna ta ce Baba ya ɓuya a bayan injin saƙa, ya dawo gida bai ci abinci ba.

Ka tuna kabarin da yake kai mu kowace Sallah, wanda ya dasa wa dogonyaro, yana cewa na abokinsa ne? Shi ne.

Yanzu ka ji. Ka je ka karɓo katinka, ka ce ka fasa. Matar nan ta saba da rashin uba, za ta koma garinsu. Baba yana ƙasa, ba zai iya kare kansa ba, kada ka sa a riƙa nuna mu ana cewa 'ya'yan wanda ya saci sunan gawa. Ka ji ni ko?

Ka gaida Jummai da yara. Yayarka, Badi'a.

Ɗakin Karatu na Jami'a, Litinin.

Assalamu alaikum Malam Abdulbaqi, tare da fatan alheri.

Mun samu saƙonku na neman a mayar muku da katin, kuma haƙƙinku ne. Sai dai da muka ciro shi yau, mun ga zafin fitilar akwatin ya saki gam ɗin hoton, gefe ɗaya ya ɗaga. Akwai wani hoton a ƙasa, na wani mutum dabam, kuma hatimin masaƙa a kansa yake. Ba mu ɓare ba, domin kayan naku ne.

Haka kuma Malama Aina'u ba ta koma Maigatari ba. Kullum tana zuwa ta zauna kusa da akwatin har a tashi. Yau ta tarar babu katin, ta tambaye ni ko ƙanenta ne ya hana ta ganin ubanta. Na ce zan tambaye ku.

Huta lafiya. Sauda Mustapha, mai kula da baje kolin.

Panshekara, Laraba.

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa.

Na je da niyyar yin abin da kika ce. Malama Sauda ta miƙo mini katin a ambulan, na buɗe, na ɗaga hoton Baba da farcena. Na ƙasan saurayi ne siriri, da tsage biyu a kumatu, yana ɗan murmushi. Yaya, ko sunan ban karanta ba zan gane Aina'u a fuskar nan. Baba bai cire hoton Shu'aibu ba. Rufe shi kawai ya yi, ya ajiye har ya bar duniya.

Aina'u tana zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa na ba ta, na ce, "Wannan ne mahaifinki. Bai guje ku ba. Ya rasu tun shekarar da ya zo." Na faɗa mata sauran, ban rage ba, har ɓuyan bayan inji. Ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Shekara arba'in ina tsine wa mutumin da ke kabari." Sannan ta ce, "Uwata ta mutu tana cewa me ta yi masa." Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta tambayi inda yake kwance.

Ban sani ba ko na kyauta wa Baba. Na rubuta tambayar a kundina, na bar ƙasanta fili.

Abin da ya rage gobe:

Neman izinin rabin yini a wurin aiki.
Aron fartanya, ciyawa ta rufe wurin dogonyaron.
Ɗauko Aina'u da 'yarta a jami'a ƙarfe goma.
Sake cike takardar gilashi. Sunaye biyu. Ban san wanne zan fara sawa ba.
Kiranki, in za ki ɗauka.

Ƙanenki, Abdulbaqi.