Jita ta Biyu

Yelwa, ranar Lahadi

Zuwa ga aminina Shu'aibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da jiki? Ɗangana mai jirgin ruwa ya kawo mini memorin da ka aiko, na zuba a kwamfuta, na kuwa rasa dariya zan yi ko kuka. Wannan ce jita ta biyun da za mu ɗora a waƙar bikin Hussaina? Saura mako uku a ɗaura wa ƙanwata aure, kai kuma kana taɓa tsirkiya kamar mai tsoron tada jariri. A tsakiyar amshi ka tsaya cik har sau biyu. Ga kuma wani ƙato yana ta gunaguni a bayanka. Duk Tungar Zaidu ba ka sami inda za ka ɗauki sauti ba sai jikin bangon maƙwabci?

Zan goge hayaniyar gobe, in ga abin da zai tsira. Ka sake ɗauko mini baiti na uku, ka saki hannu.

Naka,
Zaharaddeen

Tungar Zaidu, ranar Litinin

Zaharaddeen,

Ina gaisuwa. Don girman Allah kar ka goge komai. In ka riga ka goge, ka kashe ni.

Na san yadda na kaɗa. Da gangan na sassauta. Ka rufe ƙofar situdiyo, ka sallami kowa, ka sa abin ji a kunne, ka rage jitar, ka ɗaga wannan gunagunin. Inda na tsaya a amshi, nan za ka fi ji.

Kar ka kira ni a waya. Langa-langa ne kawai tsakanina da mai gunagunin, abin da nake ji daga wajensa shi ma yana ji daga wajena.

Shu'aibu

Yelwa, ranar Talata

Ɗan'uwa,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji.

Muryar Sallau ce, mai sayar da man jirgi, wanda muka ci tuwo a gidansa bara. Na ji shi ƙarara yana gaya wa wani a waya cewa jirgin kasuwar Warra da hantsi yake tashi, ya faɗi inda yake rage gudu kusa da gaɓa, ya ce 'yan bindigar su zo da babura su jira a wurin. Ashe kaɗe-kaɗen da kake yi bayan la'asar rufa-ido ne, ni kuwa ina nan ina yi maka tsiya. Ka yafe mini.

Na kwafi sautin na kai wa jami'an tsaro. Sun saurara sau uku, sun ce za su zo ranar Alhamis, kafin kasuwa. Amma sun tambaye ni wa ya ɗauka, na kuwa faɗa, yanzu ina ta cizon yatsa. Magana ba ta kwana wuri ɗaya a ƙasar nan.

Ka ɗauko Inna ku shigo jirgin Ɗangana gobe. Ka bar komai. Waƙa ta sha ruwa.

Ina roƙon Allah ya tsare mini kai,
Zaharaddeen

Tungar Zaidu, ranar Laraba

Zaharaddeen,

Ga Inna nan, na ce mata asibiti za ka kai ta. Ga jitar kuma a cikin buhu.

Jiya Sallau ya leƙo yana murmushi, ya ce, "Mi kaka ɗauka kullum ga bangon nan? In an gama waƙag ga, ina son in hwara jin ta." Na ce to. Tun lokacin yana zaune a ƙofarsa, idonsa a kan tawa.

In na shiga jirgi yau, ya gane, ya buga musu waya su sake rana, mu kuma ba za mu san ranar ba. Mutum saba'in ke hawa jirgin kasuwar nan. Zan zauna har gobe. Wallahi tsoro nake ji.

Idan ban iso ba, ka kaɗa jita ta biyu da kanka. Kar ka yi sauri a amshi, kullum a nan kake wuce ni.

Shu'aibu