Abin da Baƙon Ya Kira Mijina

Yaya Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka. Tunda waya ba ta shiga garinku, na ba direba wannan.

Wani mutum mai baƙar mota ya matsa wa Baban yara. Wai makullan wani sito sun ɓace masa, yana son mai gyaran kwaɗo ya buɗe. Jiya ya biyo shi har gida. Na kai musu ruwa, na tarar baƙon yana waya da Turanci, yana ta cewa "tul, tul", yana wani yarfe hannu. Na zaci tulu yake nema! Baban yara ya yi mini dariya, ya ce akwatin aikinsa ake nufi. Amma ni ban gamsu ba. Mece ce fassarar kalmar nan?

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa da addu'a. Mijinki bai yi ƙarya ba. Guduma, zarto, magagari, duk abin da hannu ke riƙewa ya yi aiki, sunansa ke nan. Sai dai akwai wata ma'anar da ba na so. Ana kiran mutum haka idan wasu na amfani da shi bai sani ba, su ci moriyarsa, laifin ya hau kansa. Ki tuna da kyau: da baƙon ke magana, akwatin yake kallo, ko mijinki? Kafin nan, kada ya bi shi ko'ina.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Akwatin yana shago ranar. Mijina yake kallo.

Na karanta wa Baban yara takardarka, ya ce, "Ku 'yan boko kun cika tsoro." Ya bi mutumin. Da la'asar sai ga shi a ƙafa, babu hula. Ya ce kwaɗon sabo ne fil, ga hatimin kotu a jikin ƙofa. Mutumin ya tsaya can nesa yana ɗaukarsa hoto, wasu ƙarti biyu suna jira a mota. Sai Baban yara ya ce musu zai zagaya bayi, ya haura katanga.

Yanzu motar tana bakin layinmu. Ba sa fitowa, ba sa tafiya. Na hana yara makaranta. Ranar Laraba za mu fita ta gidan maƙwabta, mu hau motar garinku. Ka share mana ɗaki, ka sa mu a addu'a.

Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Motar Laraba ta iso. Na tsaya har fasinja na ƙarshe ya sauka. Direba ya ce ya jira ku a tasha, bai ga kowa ba.

Ɗaki a share yake. Ina tafe gobe. In takardar nan ta riga ni, kada ku buɗe wa kowa sai kun ji muryata.

Allah ya tsare.

Yayanki.