Salkar da Na Ɗinka Maka, Kada Ka Sha Ruwanta

Garwa, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Salim, a Meiganga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, kai da Hamida da yara. Mu nan da sauƙi, sai dai ƙafar Inna da ke tashi in an yi ruwa. Na yi ta kiranka kwana uku babu rezon waya, shi ya sa na ba direba wannan.

Ka san halina, in na dawo daga kasuwar shanu sai in hau keken ɗinkin marigayi Baba, in ɗinka tanti ko jakar goyo don jin daɗina. Salkar ruwan da na aiko maka ta bin shanu a daji, daga wani tamfol na yanko ta, wanda na saya a kasuwar Pitowa. Na ji wari a jikinsa, mai shi ya rantse warin sabuwar roba ne. Ni da nake gane saniya mai ciwo daga tafiyarta, na yarda, don farashin ya yi min daɗi. Ban wanke shi ba, kada ya daina riƙe ruwa. Gefe ɗaya yana da tabo rawaya, sai na yi dabarar 'yan kasuwa, na juya tabon ciki don idon mutane.

Biyu na ɗinka. Ɗayar na ba maƙwabcina Étienne ya tafi da ita gona. Yau kwanansa biyar a lopital, wato asibiti, yana amai, hannunsa na rawa, ko kofi ba ya iya riƙewa. Likita ya shinshina salkar sau ɗaya, ya ce maganin ƙwarin auduga aka rufe da tamfol ɗin, ya jiƙa shi. Matarsa Gisèle ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi ko akwai wata salkar, sai na tuna da taka.

Salim, kada ka zuba mata ruwa, kada ka ba makiyayanka, kada ka ƙone ta ku shaƙi hayaƙin. Haƙa rami nesa da rijiya ka binne. In kun riga kun sha, ku nufi likita yau, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe.

Ka gaida Hamida da Gwaggo Maimuna. Inna ba ta sani ba, kullum tana yabon ɗinkin da na yi maka. Ka hau tudu ka nemi rezo, ko tari ne ka yi min in ji.

Yayanka,
Lukmanu