Injin Motar Hajiya

Ƙanena Haruna,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Yaya Asabe? Yau Asabar a nan Fort Washington, Amurka. Na tashi da ciwon gwiwa, amma alhamdu lillahi.

Ka san 'yar motar da nake son haɗawa da kaina, wadda ake aiko gangar jikinta cikin akwatuna. Inji da giya zan cire daga tsohuwar motar matata, marigayiya Hajiya, don in riƙa jin ƙarar da na saba ji idan ta dawo gida. To, na yi gaggawa, na mayar wa hukuma lambar motar tun ban kwance noti ɗaya ba. Ashe a unguwarmu ba a barin mota babu lamba a ƙofar gida. An manna mata takarda, Litinin za a janye ta har da injin.

Jiya ɗana Bashir ya ce, "Baba, kar ka taɓa komai, da safe zan zo mu ɗaga shi." Na jera sifanun kwance noti, na dafa shayin mutum biyu.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da kowa.

Yayanka,
Musa

La'asar ta wuce, shayinsa ya huce, Bashir bai zo ba.