Dutsen da ke Kan Murfin Tukunya

Unguwar Rogo, Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Salisu da yara. Yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta taka zuwa Ƙofar Marke barkar haihuwar Na'ima.

Yaya, Malama Dorcas maƙwabciyarmu, Maman Precious, ta yi ritaya daga koyarwa, ta koma Zonkwa. Da muka ji za ta tashi, Inna ta ce shekara goma sha huɗu muna cin kek ɗin matar nan, Sallah da Kirsimeti, ba mu taɓa gasa mata ko ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai. Nan take na cika baki cewa ba za ta tafi ba sai ta ci na hannuna, alhali saura kwana goma, kuma ban taɓa yi ba. Na dai sha leƙen yadda take zuba yashi a tukunya, ta ɗora a gawayi, ta sa gwangwanin ƙullu a ciki.

Na farko na ninka hodar da ke sa shi tashi, don in ga iya tsawon da zai yi. Ya fito da ɗaci, kaji ma sun ƙi shi. Na biyu na bar bota a tsakar gida, ranar Sakkwato ta mai da ita ruwa, sannan na cika wuta, ƙasa ya ƙone ciki ɗanye. Na uku na gyara komai, na auna fulawa da sukari da gwangwanin madara guda, amma tsakiyarsa ta lotsa kamar an zauna a kai. Na rasa dalili, kuma rashin sanin ya fi asarar ƙwan ci mini rai.

Saura kwana biyu na ajiye kunya na faɗa mata. Ta zo ta zauna tana kallona ina gasa wani. Can ta fashe da dariya, ta ce ta ƙirga, sau bakwai na buɗe tukunyar. Kin san halina, ni ce mai tone gyaɗar da Baba ya shuka don in ga ko ta tsiro. Ta ce zafin da ke kulle a ciki shi ke ɗaga kek, duk buɗewa kuwa sai ya tsere. Ta shiga gida ta ɗauko wani baƙin dutse. Muka sake kwaɓi, ta ɗora shi kan murfin, ta ce kada in taɓa sai ƙamshi ya cika gida. Wai ita ma don kanta ta samo shi tun tana amarya, saboda hannunta ba ya jin magana.

Wallahi minti arba'in ɗin nan sai da na zauna a kan hannuwana. Da muka buɗe, ga shi ya taso, tsinke ya fito fes. Ta ci yanka biyu, ta naɗe sauran ta ce guzurinta ne. Ranar da motarsu ta tashi, na tarar da tukunyar da yashin da dutsen a ƙofar ɗakina. Na yi kuka sosai, Yaya, har yanzu ina kewarta.

An ce abin gashinki na lantarki yana da gilashi. Don Allah ki tsaya ki kalla, ki rubuto mini yadda kek ke tashi. Gefe ne ke farawa ko tsakiya? Ni dai na yi mata alkawari ba zan ƙara leƙawa ba.

Inna tana sa muku albarka. Ki gaida Yaya Salisu, da Nura, da Sharifuddeen.

Ƙanwarki,
Nuriyya